Kiredit tara a takarda, kari-oba a ajin farko: me sakamakon WAEC da JAMB ke nunawa?

Ranar Litinin 4 ga Agusta 2025 hukumar WAEC ta fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, hankalin iyaye ya tashi. Cikin ɗalibai 1,969,313 da suka rubuta, kashi 38.32 cikin ɗari kacal ne suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi, alhali a 2024 kashi 72.12 ne suka samu. Nan da nan gidajen rediyo da shafukan Facebook suka ɗauka: 'yan zamani ba sa karatu, waya ta cinye musu kai, TikTok ta gama da su. Ranar Juma'ar makon sai ga shugaban ofishin hukumar a Najeriya, Dakta Amos Dangut, ya sake tara 'yan jarida yana ba da haƙuri. Ashe kuskure aka yi wurin makin takardar Turanci ta objektif, sakamakon sabon tsarin da aka shigo da shi na hargitsa jerin tambayoyi don kada ɗalibi ya kwafi na kusa da shi. Da aka gyara, adadin ya koma kashi 62.96. Yara wajen 485,000 da suka yi kwana huɗu ana musu kallon waɗanda suka faɗi, sai ga shi sun ci.

Wata uku kafin nan JAMB ma ta sha irin wannan kunyar. Da alƙaluman jarrabawar share fagen shiga jami'a suka fito a farkon Mayu, an ga sama da ɗalibai miliyan 1.5 cikin miliyan 1.95 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya fito talabijin ya ce hakan alama ce ta an toshe kafar satar amsa. Ranar 14 ga Mayu kuma magatakardan hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya zauna gaban 'yan jarida a Bwari har da hawaye, ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Aka sake musu jarrabawa. Bayan an haɗa komai, waɗanda suka kai maki 200 suka tashi kusan kashi 29 cikin ɗari, wato har yanzu bakwai cikin kowane goma suna ƙasa.

Kuskuren na'ura ana gyara shi cikin mako guda, kuma an gyara. Abin da ya rage bayan ƙura ta lafa ya fi shi nauyi: uban da ya riƙe takardar ɗansa a hannu, ko shugaban sashe da ke duba sunayen sababbin ɗalibai, da wace shaida zai gane cewa yaron nan zai iya karatun jami'a?

Mudu biyu, buhu ɗaya

A jera sakamakon WAEC na shekara goma sha biyu a duba. A 2014 kashi 31.28 ne suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi. A 2016 ya kai 52.97, a 2019 ya kai 64.18, a 2021 ya yi tsalle zuwa 81.7, sannan ya ɗan sauko: 76.36 a 2022, 79.81 a 2023, 72.12 a 2024. Wanda ya ga wannan jeri daga nesa zai ɗauka an yi wa makarantun sakandaren Najeriya wani gagarumin gyara tsakanin 2014 da 2021, an zuba malamai da littattafai da kayan gwaji. Duk wanda ke da ɗa a makarantar gwamnati a waɗannan shekaru ya san ba haka aka yi ba. Shekarar da aka fi ci ma, 2021, ita ce ta biyo bayan kullen korona, lokacin da yara suka shafe watanni a gida ba aji ba allo.

A wannan shekarar ta 2021 kuma JAMB ta ga ɗaya daga cikin sakamako mafi muni a tarihinta na baya-bayan nan. Cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.3, waɗanda suka kai maki 200 ba su wuce kashi 13 ba. Gaskiya ne ba duk masu rubuta JAMB ne 'yan ajin ƙarshe na shekarar ba, akwai masu maimaitawa da yawa. Duk da haka manhajar ɗaya ce, makarantun su ne dai. Idan ka auna buhun gero da mudu biyu, ɗaya ya ba ka tamanin ɗaya ya ba ka goma sha uku, ba geron za ka fara tuhuma ba.

Bambancin yadda ake zaman jarrabawar biyu ya bayyana wani ɓangare na tazarar. WAEC da NECO a makarantar yaro ake rubuta su, cikin ajin da ya saba, malamansa na kai-komo a harabar, kuma mai makarantar kuɗi ya san da sakamakon bana zai jawo ɗaliban baɗi. Kowa ya san makarantun da ake kira mirakul senta, inda uba zai cire ɗansa daga makarantar da ya yi shekara biyar, ya kai shi wani ƙauye ya yi masa rajista a SS3, ya biya kuɗin jarrabawa sannan ya biya wani kuɗin da ba a rubuta masa rasit. Hukumar WAEC da kanta ba ta ɓoye girman abin ba: a 2022 ta riƙe sakamakon kashi 22.83 na ɗalibanta bisa zargin maguɗi, a 2024 kashi 11.92. Waɗannan fa waɗanda aka lura da su ke nan. JAMB kuwa tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya, sai an tantance zanen yatsa a ƙofa, ga kyamara a sama, kuma tambayar da ke gabanka ba ita ce a gaban maƙwabcinka ba.

Sai dai kada a mai da JAMB ma'aunin da ba ya kuskure. Farfesa Oloyede ya sha nanata cewa jarrabawar tasu ta jera ɗalibai ce daga na sama zuwa na ƙasa domin rabon gurabe, ba ta ci ko faɗuwa ba ce, maki 200 ɗin da jaridu ke kafa kanun labari da shi ba wata doka ce ta tsayar da shi ba. Ga kuma yanayin zaman. Tambaya 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa arba'in kowace tambaya, duk da Turanci. Ɗauki yarinyar da ta taso daga wata ƙaramar hukuma tun kafin asuba don ta isa cibiya da ƙarfe bakwai, wadda ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar gwajin share fage, idan ma ta samu yinsa. An sauƙaƙa abin, da maɓallai takwas ake amsawa ba sai an taɓa linzami ba, amma minti goman farko a kan neman maɓallan N da P yake tafiya, agogo na ƙirga a saman allo. Wannan yarinya za ta iya sanin Bayoloji fiye da makin da ta samu. Wanda ya yi wata uku a gidan lesin yana haddace tsofaffin tambayoyi kuma zai iya samun makin da ya fi saninsa.

Saukar da ƙofa

Kowace shekara shugabannin manyan makarantu kan taru da JAMB su tsayar da mafi ƙarancin makin ɗaukar ɗalibi. A 2016 maki 180 ne. A 2017 aka rufto da shi zuwa 120 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Ya hau 140 a 2018, ya kai 160 a 2019 da 2020, ya dawo 140 daga 2022 zuwa 2024, a 2025 aka tsayar da 150.

A ɗan yi lissafin nan, don ba kasafai ake yinsa ba. Maki 150 cikin 400 kashi 37.5 ne cikin ɗari. A yawancin jami'o'inmu sai ɗalibi ya samu 40 kafin a ce ya haye kwas, ko da da ƙyar ne. Ke nan ƙofar shiga ta fi makin tsira a ciki ƙasa. Na kwalejojin ilimi ya fi ɗaure kai. Kowace tambayar JAMB zaɓi huɗu gare ta, A zuwa D, kuma ba a zabge maki don an amsa ba daidai ba. Wanda ya rufe ido ya yi ta danna maɓalli ɗaya daga farko har ƙarshe, a ƙiyasi zai dace da kashi ɗaya cikin huɗu, wato wajen maki 100. Wannan shi ne makin da aka amince a 2025 a ɗauki wanda zai yi NCE, takardar da doka ta ce ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a firamare.

Ba shakka manyan jami'o'i ba sa kallon wannan ƙaramin maki. Mai neman Likitanci ko Shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero ya san sai ya wuce shi nesa ba kusa ba, sannan ga tantancewar bayan JAMB, wadda aka fara a 2005 zamanin minista Chinwe Obaji saboda jami'o'i sun daina yarda da makin da ake kawo musu. Minista Malam Adamu Adamu ya soke ta a 2016, ya dawo da ita a 2017. Waɗanda ƙaramin makin ke yi wa rana su ne makarantun da ke neman ɗalibai ido rufe: jami'o'in kuɗi da ba su cika kujerunsu ba, sababbin jami'o'in jihohi, da sassan da ba a rububinsu. A nan ake tura yaron da ya nemi Injiniyanci bai samu ba, a ce ya karɓi abin da ya samu, daga baya a yi masa canji.

Mu 'yan Arewa muna da namu rabon a wannan magana, kuma gara mu faɗe shi da bakinmu. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 ga cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'a take, kashi 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Jihohi 23 ne a wannan rukuni, duka 19 na Arewa na ciki. Ni ina ganin tsarin yana da hujja, domin tazarar da aka gada tun zamanin Turawa ba za ta rufu da kanta ba. Amma gurbi kawai yake bayarwa. Ba ya bin yaro cikin aji ya koya masa abin da ya tsallake a SS1. Haka ma murnar da aka yi a 2025 cewa Kano ta zo ta ɗaya a NECO da ɗalibai sama da 68,000 masu kiredit biyar: yawan waɗanda suka ci ne aka ƙirga, kuma jihar da ta fi tura ɗalibai dama ita ake sa ran ta fi yawan masu ci. Abin alfahari ne a biya wa yara masu yawa haka kuɗin jarrabawa, amma wannan alƙalamin bai ce komai ba game da ingancin aji.

Inda ake gane gaskiya

Gaskiyar magana a zangon farko na ajin farko take fitowa. Shiga babban ɗakin lacca na kowace jami'ar gwamnati ranar kwas ɗin Lissafi ko Kemistiri na 'yan aji ɗaya. Ɗaruruwan ɗalibai ne, wasu a kan taga, wasu a tsaye a baya, malami na magana da lasifikar da ke yankewa. Ba wanda zai rubuta maka not a allo ka kwafa kamar a sakandare. Ana so ka saurara da Turanci, ka tsamo abin da ke da muhimmanci, ka rubuta da kalmominka, ka je laburare ka cike sauran. Yaron da bai taɓa karanta littafi guda daga bango zuwa bango ba, a nan yake fara nutsewa, kuma ba ya gane ya nutse sai an kafe sakamako.

Ɗakin gwaje-gwaje ya fi saurin tona asiri. A miƙa wa ɗalibi mai A1 ko B2 a Kemistiri bututun awon ruwa a ce ya cika shi daidai kan layi, sai ka ga hannu na rawa, ya zuƙo ya wuce, ya sake ya zubar. Ba laifinsa ba ne kacokan. A makarantu da dama kayan gwaji sai jarrabawa ta matso ake fito da su ko a aro, malami ya yi gwajin sau ɗaya a gaban aji, yara su haddace lambobin da ya samu. Ya ci firaktikal ba tare da ya taɓa yin firaktikal ba.

Malaman da ke makin takardun kwas ɗin Turanci na dole sun san wani nau'in amsa da ke yawan zuwa musu: ɗalibi ya kwafe tambayar tsaf da kyakkyawan rubutu, ya zuba duk sakin layin da ya haddace daga handawut wanda ke ɗauke da wata kalma ta cikin tambayar, a ƙasa kuma ya ƙara roƙon a taimaka don Allah. Kafin jarrabawa tambayar da ake yi wa malami ita ce, "Malam, daga ina zuwa ina za a fito?" Daga nan sai kari-oba, sai gargaɗi, sai a ce ya canza sashe, wasu kuma a sallame su bayan shekara biyu, su koma gida ba digiri ba sana'a, an kashe kuɗin da aka sayar da amfanin gona aka tara. A gida ba a cika faɗin gaskiyar abin da ya faru ba. Sai a ce malami ne ya tsane shi, ko a ce sammu ne.

Wani zai ce to ai jami'o'in ma suna yaye masu daraja ta ɗaya fiye da da. Haka ne, kuma yara masu hazaƙa ba su ƙare ba: a 2024 ɗalibai 8,401 ne suka kai maki 300 a JAMB, a 2025 suka haura 17,000 bayan an sake jarrabawa. Na saman suna ƙara gogewa, suna da intanet da malaman lesin da iyayen da ke bibiya. Tsakiyar ajin ce ta zurma, kuma a nan mafi yawan 'ya'yan talakawa suke.

Tun daga tushe

Ramin tun firamare ake haƙa shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna kusan kashi 27 ne kawai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 ke iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta, kashi 25 ke iya lissafi na matakin farko, kuma Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne a ƙasa. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu a Kaduna, 21,780 suka kasa samun maki 75 da aka gindaya. An yi ta jayayya a kan yadda aka gudanar da gwajin da korar da ta biyo baya, amma takardun amsar da aka baza a lokacin sun isa su hana mutum barci. Idan aka tuna da makin 100 na shiga kwalejin ilimi, za a ga yadda abin ke zagayowa: wanda ya fi rauni a sakandare shi ake turawa ya zama malami, shi kuma ya karɓi 'yan aji ɗaya.

Sai batun harshe. A Nuwamba 2022 gwamnati ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa har aji shida. A Nuwamba 2025 minista Alausa ya soke tsarin, ya ce Turanci za a yi amfani da shi tun daga tushe, yana danganta faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB da yawan koyarwa da harsunan gida a wasu shiyyoyi. Wannan hujja ba ta zauna mini ba. Yaron da ya rubuta WAEC a 2025 ya bar firamare tun 2019, tsarin 2022 bai same shi ba, balle ma ba a buga littattafan ba, ba a horar da malaman ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife a shekarun 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararru, ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Abin da ke faruwa a ajinmu daban ne: malami ya rubuta not da Turancin da shi ma bai gama fahimta ba, ya yi bayani da Hausa, yaro ya fita bai iya rubuta shafi guda mai ma'ana ba da ko ɗaya daga cikin harsunan biyu.

Gadar da aka taɓa ginawa

Abin takaici shi ne Arewa ta taɓa fuskantar wannan matsala gaba da gaba, ta kuma samo mata magani. A zamanin Farfesa Ishaya Audu, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage a Zariya don ta shirya ɗaliban da sakandare ba ta gama shirya su ba, kuma har yau jami'ar ce ke kula da jarrabawar IJMB mai kai ɗalibi aji biyu kai tsaye. Kano na da kwalejin share fage ta CAS, Funtuwa na da makarantar share fage ta ABU. A 1977 gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka riƙa zaɓo yara da jarrabawa daga ko'ina a jihar, a ajiye su a makarantar kwana, a ba su malamai da ɗakunan gwaji na gaske. Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan waɗannan makarantu ya yi digirinsa na uku. Likitoci da injiniyoyi da yawa da Kano da Jigawa ke taƙama da su a yau daga can suka fito, kuma da yawansu 'ya'yan manoma ne.

Waɗanda suka yi wannan aiki ba su yi kitso da ƙwarƙwata ba. Sun yarda cewa yaran ba su shirya ba, sai suka kashe kuɗi da lokaci suka shirya su. Yau rimediyal, wato share fagen, a wurare da yawa ta zama hanyar samun kuɗin shiga ga jami'a da ɗakin jiran gurbi ga ɗalibi, aji ɗaya mutum ɗari uku, handawut ɗin dai shi ne. Matakan da gwamnati ke ɗauka kuma sun fi karkata ga faɗaɗa ƙofa: a Oktoba 2025 an cire sharaɗin kiredit a Lissafi ga masu neman kwasa-kwasan Adabi da makamantansu, da hujjar cewa cikin sama da miliyan biyu da ke neman gurbi duk shekara kimanin 700,000 ne ke samu. An kuma ce WAEC da NECO su koma kwamfuta. Idan hakan ya tabbata, a shirya ganin sakamako ya faɗo, kuma a shirya jin an sake ɗora wa waya laifi.

Akwai alƙalami guda da zai fi duk waɗannan amfani, kuma ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Tun 2017 duk ɗalibin da aka ɗauka bisa ƙa'ida ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi, da makinsa da sakamakonsa na sakandare da lambar cibiyar da ya rubuta. Kowace jami'a kuma tana da sakamakon 'yan ajin farko a ofishin jarrabawa. A haɗa biyun, a wallafa duk shekara: ɗaliban da suka shigo da maki 150 zuwa 180, nawa ne suka haye aji biyu ba kari-oba, makarantar da ta turo yara arba'in masu kiredit tara, nawa ne cikinsu suka ci Lissafin ajin farko. Kwamishinan ilimi zai san makarantun da zai fara kai wa ziyarar ba-zata, shugabannin jami'o'i za su je taron tsayar da maki da hujja a hannu, uba kuma zai san abin da yake saya kafin ya ɗauki ɗansa ya kai shi ƙauye rajista.